Dila da kumandan: shari'a a bakin masu tatsuniyar Madarumfa

Kafin zuwan Turawa, mutumin Madarumfa da aka zalunta yakan kai kukansa wajen mai gari, in ta gagara a dangana da alƙali ko fadar Sarkin Katsinan Maraɗi. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka ƙulla a 1906 ta bar ƙasar Maraɗi a hannun Faransa, sai wata sabuwar shari'a ta sauka. Dokar talakawan mallaka, wadda Faransawa ke kira indigénat, ta ba kumandan ikon ɗaure mutum har kwana 15 ko cin sa tarar tamma 100 ba tare da zaman kotu ba, saboda jinkirin biyan lanho ko ƙin aikin dole. An sassauta ta a 1924, amma ba a soke ta ba sai 1946.

Takardun wancan zamani da Faransanci aka rubuta su, kuma hukuncin kumandan suka adana. Maganar wanda ake tuhuma ta bakin tafinta take bi, abin da ya isa takarda kaɗan ne. Mai son sanin yadda talaka ke kallon shari'a sai ya koma ga tatsuniya. A can ne kura ke cin rabo da ƙarfi, Gizo ke kuɓuta da dabara, dila malamin daji kuwa ya ƙi yanke hukunci sai an mai da maciji cikin buhun da aka cece shi, don gaskiya ta fito a idon kowa. Waɗannan tatsuniyoyi sun girmi mulkin mallaka. Frank Edgar ya wallafa irinsu daga Arewacin Nijeriya tsakanin 1911 da 1913. Darasinsu shi ne: alƙali nagari yakan saurari mai rauni, ya bincika kafin ya yanke.

Bayan ƴancin kai, dokar tsarin shari'a ta 1962 ta zaunar da masana al'ada kusa da alƙali, dokar 1993 kuma ta tabbatar wa sarakunan gargajiya ikon sulhu a rigimar gona. Duk da haka, Faransanci ya daɗe yana mulkin takardun kotu.

Tsofaffin da suka ji labarin kumandan daga bakin iyayensu suna ƙarewa. Ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su bi ƙauyukan bakin tafki, su naɗi muryoyinsu, tatsuniya da labari duka, tun kafin ƙasa ta rufe shaidar.