Waiwaye Adon Tafiya: Darasi Daga Binciken Haɗurran Jiragen Sama

Bahaushe ya ce da na sani ƙeya ce, ya kuma ce waiwaye adon tafiya. Duka biyun suna duban abin da ya wuce, amma na farko nadama ce, na biyu kuwa neman ilimi. Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, tuna kuskure ba ya koya wa al'umma komai sai an raba shi da farautar mai laifi, an rubuta shi, an kuma mayar da shi ƙa'ida. Tarihin sufurin jiragen sama ya isa hujja.

A shekarar 1952 Ingila ta fara jigilar fasinja da Comet, jirgin fasinja na farko mai injin jet. Ranar 10 ga Janairun 1954 ɗaya ya tarwatse a sama kusa da tsibirin Elba da mutum 35. Aka yi gyare-gyare bisa zato, aka mayar da jiragen bakin aiki, sai ga wani ya faɗi a tekun Italiya cikin Afrilu da mutum 21. Daga nan masana a Farnborough ta Ingila suka daina zato. Suka nutsar da gangar jikin wani Comet cikin katafaren tankin ruwa, suna ƙara matsi suna ragewa kamar yadda yake faruwa duk tashi da sauka, har ƙarfen ya tsage bayan kwatankwacin tafiya 3,000. Ashe ƙarfe ma yana gajiya, kuma tsagar tana farawa ne daga kusurwoyin ƙofofi da tagogi. Aka wallafa sakamakon a fili, har abokan gasa suka amfana. Daga cikin waɗanda haɗurran Comet suka dama akwai David Warren na Ostireliya, wanda ya ƙera na'urar naɗar bayanan jirgi, domin ko matuƙi ya mutu, shaidarsa ta rayu.

Wannan kuskuren ƙarfe ne. Na Tenerife kuwa na harshe ne da na girman kai. Ranar 27 ga Maris 1977 jiragen Boeing 747 biyu, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi na filin jirgin Tenerife cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Kyaftin ɗin KLM gogagge ne mai horar da wasu, ya ɗauka an ba shi izinin tashi. Injiniyansa ya nuna shakka, amma bai nace ba. Da a ce an tsaya kan zargin mamaci, da magana ta ƙare a nan. Sai aka gyara kalmomin da matuƙa da masu kula da zirga-zirga suke amfani da su, aka keɓe kalmar tashi ga ainihin bayar da izini ko soke shi. Daga baya aka shigo da horon da yake koya wa na ƙasa ya tanka wa na sama idan ya ga haɗari.

Ginshiƙin wannan tsari yana cikin Rataye na 13 na Yarjejeniyar Chicago ta 1944 kan sufurin jiragen sama, wanda ya tanadi cewa manufar bincike ita ce hana aukuwar wani haɗarin, rabon laifi kuwa ba aikinsa ba ne. A Amurka ma, tun 1976 hukumar NASA take karɓar rahoton kuskure daga ma'aikatan jirage tare da ɓoye sunayensu. Hikimar a bayyane take: wanda ya san za a tozarta shi zai rufe bakinsa, kuskuren kuma ya jira na gaba.

Mai suka zai ce wannan kariya ce ga masu sakaci, kuma zai kafa hujja da Boeing 737 MAX. Jirgin Lion Air ya faɗi a Oktoban 2018, na Habasha ya bi shi a Maris 2019, rayuka 346 cikin wata biyar, kuma manhaja ɗaya ce ta taka rawa a duka biyun. Sukar tana da nauyi, sai dai abin da ta nuna shi ne an san matsalar bayan haɗarin farko, aka bar jiragen suna tashi. Bincike ya yi aikinsa. Waɗanda ya kamata su yi aiki da shi ne suka yi jinkiri. Don haka kotu tana da hurumi a kan wanda ya ɓoye gaskiya, mai bincike kuma yana da nasa a kan wanda ya yi kuskure ya faɗa.

Wannan rabon aiki shi ne abin da asibitoci da makarantu da ma'aikatu za su ara. Duk alhajin da ya sauka lafiya daga Jidda, ya ci gajiyar rahotannin da aka rubuta a kan haɗurran Elba da Tenerife, ko da bai taɓa jin sunan wuraren ba.