Gidan Maigida a Tarihin Sabo

Yaranmu na yanzu in suka ji an ce "maigida", mijin mahaifiyarsu kawai suke zaton ana nufi. A Sabon Ibadan ta da, kalmar ta fi haka nauyi.

A 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan unguwa. Lokacin jirgin ƙasa ya riga ya haɗa Ikko da Kano, shanu na gangarowa Kurmi, goro na hawa Arewa. To, falke ya iso da shanunsa, bai san kowa ba, ba ya jin Yarbanci, ina zai sauka? Gidan maigida. Nan zai ci, nan zai kwana, nan zai ba da ajiyar kuɗinsa. Maigida ya haɗa shi da dillali, dillali ya nemo mahauci. Shanun kuwa yawanci bashi ake sayar da su, babu takarda, babu sa hannu. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya daga aljihunsa, shi kuma mahaucin ba mai sake ba shi ko ɗan maraƙi a kara.

Abin lura, da yawan mutanen gidan ba jininsa ba ne. Yaro ya zo daga Katsina ko Sakkwato da 'yar jakarsa, ya yi shekaru yana ɗaurin huhun goro. Ranar da ya isa aure, maigida ne zai nema masa mata, ya biya sadaki, ya ba shi ɗaki. In an haihu, bayan yaye sai ka ga an kai yaron riƙo wurin uwargida. Haka bare yake zama ɗan gida. Amma fa kada mu yi wa tarihi kwalliya: akwai waɗanda suka tsufa suna yi wa maigida bauta, ba su taɓa riƙe jarin kansu ba.

Rigimar da ta fi ƙarfin gida, sai gaban Sarkin Hausawa. A farkon shekarun 1950 Tijjaniyya ta kafu a unguwar, Sabo ta fara Juma'a a masallacinta, masu gidaje suna sahun gaba.

Yau kuɗin goro ta waya ake turawa, baƙo kuma otal yake nema. Watan jiya wani saurayi ya kwana uku a barandar masallacinmu kafin wani ya tambaye shi baƙon wane ne. Ni ma da nake jan sallar, sai a rana ta ukun na lura da shi.