Kuɗin Ƙofa da Sayen Gaban Layi: Tarihin Shiga Wuraren Nishaɗi a New Bell ta Douala

Sayar wa mutum damar shiga wurin wasa kafin a buɗe wa sauran jama'a, ko damar tsallake layi bayan an buɗe, ciniki ne da manyan wuraren shaƙatawa na Amurka da Turai suka mayar da shi babbar hanyar samun kuɗi a 'yan shekarun nan, kuma muhawarar da ake yi a kansa takan tsaya ne a kan tambaya guda, wato ko abin da aka saya ya kai kuɗin da aka biya. Douala ba ta da wurin wasa mai girman Disneyland, amma mazauna New Bell, musamman Hausawan da suka shafe fiye da ƙarni guda a birnin, sun daɗe da sanin ƙofa da layi da kuma bambancin da ke tsakanin mai shiga da wuri da mai jira a waje, saboda haka tarihin unguwar yana da abin da zai faɗa a kan wannan tambaya.

Ita kanta New Bell a kan batun wanda zai shiga da wanda zai tsaya a waje aka kafa ta. Tun daga 1910 Jamusawa, waɗanda ke mulkin Kamaru a lokacin, suka tsara tayar da 'yan ƙabilar Duala daga filayensu na bakin kogin Wouri domin keɓe wurin ga Turawa, suka kuma tanadi sababbin matsugunai a can baya, tare da barin fili mai faɗin kilomita ɗaya wanda ba a yarda kowa ya yi gini a cikinsa ba, bisa hujjar kare lafiyar Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya jagoranci adawa da wannan ƙwace, aka rataye shi tare da sakatarensa Ngoso Din ranar 8 ga Agusta, 1914, makonni kaɗan kafin sojojin Ingila da Faransa su karɓe birnin. Da yake yawancin Duala sun ƙi tarewa a wurin da aka ware musu, sai New Bell ta zama unguwar baƙi: Bamileke da Basa da Ewondo da Bamun, da mutanen Togo da Dahomey da Najeriya, da Hausawa waɗanda fataucin goro da shanu da tufafi ya gangaro da su ta Adamawa, ta Banyo da Tibati da Yoko. A ƙarƙashin Faransawa, har zuwa soke dokar da ta bambanta 'yan ƙasa da Turawa a 1946, takardar izinin zirga-zirga da samamen kama waɗanda hukuma ta kira marasa aikin yi sun kasance cikin rayuwar yau da kullum ta unguwar.

Nishaɗin da Hausawa suka zo da shi wannan wuri bai san ƙofa ba. Kiɗan biki da dambe da kokawa da wasan 'yan mata duk a dandali ake yin su, wato filin unguwa da ba shi da katanga, kuma mai kallo ba ya biyan komai kafin ya tsaya. Kuɗi yana fitowa ne daga baya, ta hanyar kari da liƙi, idan makaɗi ya wasa mutum ko ɗan dambe ya burge shi. Wannan ba ya nufin kowa daidai yake a dandali, domin akwai gaba akwai baya, kuma an san wanda ake shimfiɗa wa tabarma ko a ajiye wa kujera: sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, malamai, dattawa, manyan fatake masu saukar da baƙi. Sai dai wannan fifiko da shekaru da ilimi da hidimar jama'a ake samunsa, kuma wanda aka zaunar a gaba shi ake sa ran zai fi kowa yin kari, har kyautarsa ta ɗauki nauyin kallon waɗanda ba su da ko sisi. A masallaci ma, inda Hausawan New Bell suka fi haɗuwa, sahun gaba na wanda ya riga zuwa ne, shi ya sa ranar Idi ake ganin mutane sun yi sammako da dardumarsu a hammata. Al'ummar da ta tashi a kan haka tana ɗaukar zuwa da wuri a matsayin abin da ake saya da barci da haƙuri, ba da kuɗi ba.

Silima ce ta fara koya wa talakan birni biyan kuɗin ƙofa domin kallo. A Kano an buɗe gidan silima na Rex a 1937, a Douala kuma gidajen silima sun yawaita daga ƙarshen zamanin mulkin mallaka zuwa shekarun da suka biyo bayan samun 'yancin kai a 1960, wasu a Akwa domin Turawa da ma'aikata, wasu a unguwannin talakawa inda finafinan Indiya da na kaboyi, daga baya kuma na 'yan Chana masu faɗa, suka fi karɓuwa. A nan ne aka fara raba 'yan kallo bisa aljihu, kuma rabon yana da ban lura, domin kujerun arha su ne na gaba, dab da allon majigi, inda mutum zai ɗaga wuya har a tashi, masu tsada kuwa suna baya ko a bene. Silima ta kuma haifar da wata sana'a da aka sani a biranen Afirka da dama, ta samari masu riga kowa isa tagar sayar da tikiti ranar da za a nuna fim mai farin jini, su saye da yawa, sannan su tsaya a bakin ƙofa suna sayarwa da ƙari ga wanda ya makara ko wanda ba zai iya turereniya ba. Waɗannan samari lokacinsu da ƙarfin kafaɗarsu suke sayarwa, kuma su ne magabatan cinikin da kamfanoni suka mayar da shi hukuma a yau.

Zuwan bidiyo da karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 sun durƙusar da gidajen silima ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma majami'u wasu shaguna, har a Janairun 2009 aka rufe ukun da suka rage a ƙasar baki ɗaya, wato Abbia a Yaounde da Le Wouri a Douala da Empire a Bafoussam. Abin da ya maye gurbinsu a lungunan New Bell shi ne gidan kallo: ɗaki na katako da kwano, labule a ƙofa, allo a waje an rubuta sunan fim ko wasan ƙwallon da za a nuna da alli, bencina a jere gaban talabijin, da yaro zaune a bakin ƙofa yana karɓar sulalla. A irin wannan ɗaki finafinan Hausa na Kano suka sami 'yan kallonsu na Douala, kuma a cikinsa tsohuwar ƙa'ida ta dawo, domin kuɗi ɗaya kowa ke biya, bencin gaba kuma na wanda ya riga shiga ne.

A daidai waɗannan shekaru wuraren wasa na Amurka suna bin tasu hanyar. Lokacin da aka buɗe Disneyland a jihar Kalifoniya ranar 17 ga Yuli, 1955, ana biyan kuɗin shiga ne daban, kuɗin kowane abin hawa daban, kuma ba da daɗewa ba tikitin ya kasu aji-aji bisa haruffa, har aka ƙaro ajin E a 1959 domin abubuwan hawa mafi farin jini. A 1982 aka soke wannan tsari aka koma tikiti guda mai buɗe komai, sakamakon haka kowa ya nufi abubuwan da suka fi daɗi, layi ya yi tsawo. A 1999 kamfanin Disney ya ɓullo da FastPass, wato takardar da ke ba mutum lokacin da zai dawo ya hau ba tare da dogon jira ba, kuma kyauta ake bayar da ita ga duk wanda ya riga nema. Shiga da wuri kuwa da farko tukuici ne ga masu kwana a otal-otal na kamfanin, waɗanda suka riga suka biya kuɗinsa a cikin tsadar ɗaki, kafin a 2016 a fara sayar da shi kai tsaye a Magic Kingdom ta Florida kan dala 69 ga babba, tare da karin kumallo da 'yan abubuwan hawa ƙalilan. A ƙarshen 2021 aka maye gurbin FastPass ta kyauta da Genie+, wadda ta fara da dala 15 a Florida da dala 20 a Kalifoniya, sannan a ƙarshen 2024 aka fito da wani tikiti na tsallake layi da ya kai dala 400 a rana guda a Disneyland, ban da kuɗin shiga. Wannan adadi ya haura sefa 200,000, alhali mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kamaru ta yanke a 2023 ga ma'aikatan kamfanonin da ba na noma ba sefa 60,000 ne a wata.

Domin a gane abin da ake sayarwa, dole a dubi yadda layi yake aiki. Kowane abin hawa yana da iyakar mutanen da zai iya ɗauka a awa, kuma kuɗin da wani ya biya ba ya ƙara masa kujera ko ɗaya. Idan aka ɗauka, a matsayin misali, lilo yana ɗaukar mutum 1,000 a awa, aka ware 300 ga masu tikitin gaba, to sauran jama'a 700 suka rage musu, kuma duk mintin da aka rage wa mai biya an ɗora shi ne a kan wanda bai biya ba. Shiga da wuri ya ɗan fi sauƙi ta wannan fuska, tun da awa ce aka ƙaro wadda da wurin yana rufe, amma ko a nan mai tikitin gama-gari yakan tarar an riga an kafa layi kafin a buɗe masa ƙofa. Abin da ya fi damun mai nazari shi ne cewa darajar wannan haja tana tashi ne gwargwadon wahalar masu jira, saboda haka mai wurin da ke cin riba daga layi ba shi da ƙwaƙƙwaran dalilin gajarta shi. Hajar kuma tana lalacewa idan masu sayenta suka yi yawa, domin layin masu biya shi ma sai ya zama layi, daga nan a ƙirƙiro wani aji a samansa, kamar yadda jerin farashin Disney ya nuna cikin shekara uku kacal.

Mutumin New Bell ya san wannan ciniki ta wasu ƙofofin. A tashoshin motocin da ke zuwa Yaounde akwai mota ta gama-gari wadda ba ta tashi sai ta cika, akwai kuma ta manya mai tsada wadda ke tashi a kan lokacinta, haka nan a tasi akwai hawan haɗaka akwai shata, inda mutum ɗaya ke biyan kuɗin motar duka. Ɗan kasuwar da ke da alƙawari da safe yakan biya ba tare da jayayya ba, domin asarar makara ta fi ƙarin kuɗin, kuma motarsa ba ta tsawaita jiran kowa. Kallon fim a majigi ya dawo birnin da buɗe Canal Olympia a Bessengue a 2017, sannan aka buɗe Douala Grand Mall kusa da filin jirgin sama a 2020, kuma irin waɗannan wurare, tare da filayen wasan yara masu lilo da ƙananan motoci, su ne ake kai yara yawon Sallah da bukukuwan ƙarshen shekara. Ranar Sallah uba ɗaya yakan fito da nasa da na ƙaninsa da na maƙwabta, kowa da sabon ɗinki da goron Sallarsa a aljihu, saboda haka duk ƙarin da aka ɗora a kan kai ɗaya sai an ninka shi sau takwas ko goma, kuma idan kuɗin bai kai ba, uban ne zai tsaya ya zaɓi yaron da zai shiga gaba da wanda zai jira, abin da al'adar da ta tara yaran tun farko ba za ta lamunta ba.

Hukuncin da tarihin nan ke kai wa gare shi yana da iyaka bayyananniya. Kuɗin shiga da wuri ya cancanci a biya shi ga wanda ya yi doguwar tafiya, ya riga ya kashe kuɗin biza da jirgi da masauki, yana da yini guda tak a lokacin cunkoso, ko kuma yana tafe da tsoho ko ƙaramin yaron da ba zai jure tsayuwa cikin rana ba. Ga irin wannan, awa ɗaya ta safe tana iya ba shi abin da zai ci masa rabin yini. Ga wanda ke zaune a gari, wanda zai iya zuwa ranar Talata ko bayan Sallah da kwana uku, ko ya isa ƙofa kafin a buɗe, ƙarin kuɗin bai saya masa komai ba face abin da sammako zai ba shi kyauta. Akwai kuma haƙƙin da bai kamata a sa shi a kasuwa ba, wato shiga lafiya. Ranar 24 ga Janairu, 2022, mutum takwas suka rasu a turmutsitsin da ya auku a ƙofar kudu ta filin wasa na Olembe a Yaounde, gab da wasan Kamaru da Komoros a gasar cin kofin Afirka, lokacin da jama'a suka taru a mashiga ɗaya da aka rufe. Duk wurin wasan da za a gina a Douala nan gaba, ko a Japoma ko a bakin Wouri, ya wajaba hukumar birni ta fara auna yawan ƙofofinsa na gama-gari da faɗinsu da inuwar da aka tanadar wa masu jira, kafin ta ba shi izinin buɗe ƙofa ta musamman ga masu biya.