Jinin Dangi da Tarihin Dashen Ɓargo

A Gure, kamar sauran garuruwan jihar Damagaram, idan likita ya ce maras lafiya na buƙatar ƙarin jini, dangi ake fara nema. A kira wa, a kira ƙane, a aika ƙauye a taso kawu. Haka ake yi a asibitin gunduma, haka kuma idan an wuce da mutum babban asibitin Damagaram, tafiyar fiye da kilomita 160 yamma. Wannan al'ada ta ceci masu jego da yaran da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, babu iyaka. Sai dai akwai wani ciwo da jinin ɗan'uwa ke iya toshe wa hanyar warkewa, kuma sai da aka yi hasarar rayuka da yawa kafin likitoci su gane haka.

Ciwon shi ne ƙafewar ɓargo. Cikin ɓargon ƙashi ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini, da fararen da ke yaƙar cuta, da ƙananan da ke tsayar da zubar jini. Idan ya ƙafe, duka ukun sai su ƙare tare: mutum ya yi fari fat, haɓo ya ƙi tsayawa, dasashi na jini, zazzaɓi na bin zazzaɓi. Likitan Jamus Paul Ehrlich ne ya fara bayyana shi a 1888, bayan ya duba gawar wata matashiya mai juna biyu ya tarar kitse ya maye gurbin ɓargonta. A mafi yawan masu ciwon, garkuwar jikinsu ce ke juyowa ta afka wa ɓargon. Wasu kuwa magani ne sanadi, kuma wanda ya fi suna a nan shi ne kuloramfenikol, wanda ke jawo ciwon ga kamar mutum ɗaya cikin dubu 25 zuwa dubu 40. Mutanen yankin sanƙarau sun san shi sarai, domin allurarsa mai maiƙo ce aka daɗe ana dogaro da ita lokacin annoba, har zuwa gwajin da aka yi a jihohin Maraɗi da Damagaram a 2003, wanda ya nuna allurar seftiriyazon guda ɗaya na yin aiki daidai da ita.

Tunanin a ɗebo ɓargon mai lafiya a zuba wa maras lafiya tsoho ne. An gwada a Amurka a 1939, bai kama ba. Bama-baman Hiroshima da Nagasaki a 1945 ne suka sa aka duƙufa, don an ga yadda tururin nukiliya ke kashe ɓargo. A 1958 aka yi haɗari a wata cibiyar nukiliya a Yugoslabiya, aka kai ma'aikata shida Faransa, inda Georges Mathé ya zuba wa biyar ɓargon wasu mutane. Huɗu daga cikinsu sun rayu. Baƙon ɓargon bai zauna ba, ya dai riƙe su har nasu ya farfaɗo, amma darasin ya fito fili: ya samu wurin zama na ɗan lokaci ne saboda tururin ya riga ya karya garkuwar jikinsu.

Daga nan aka fahimci cewa dashe ba ya yiwuwa sai an yi wa jiki shiri, kamar yadda manomi ke sharar gona kafin ruwan shuka. Ga mai sankarar jini, shirin na nufin a ƙone ɓargon da ya lalace ƙurmus. Ga mai ƙafewar ɓargo kuwa wurin ya riga ya zama fayau, abin da ake so kawai shi ne a kwantar da garkuwar da ta cinye ɓargon farko, kada ta cinye na biyu.

George Santos na jami'ar Johns Hopkins ya nuna cewa maganin saikulofosfamid, wanda aka haɗa a Jamus a ƙarshen shekarun 1950, zai iya wannan aiki ba tare da tururi ba. A birnin Siyatil, ayarin E. Donnall Thomas da Rainer Storb suka ɗauki dabarar, suka ba da rahoton nasarar farko a kan wannan ciwo a 1972. Ma'auninsu miligiram 50 ne ga kowane kilo na nauyin jiki, kwana huɗu a jere, sannan a zuba ɓargon ta jijiya kamar ƙarin jini. Kwanakin ba su da daɗi. Gashi na zubewa, amai ba ya tsayawa, ana ta ɗura ruwa don kare mafitsara, kuma maras lafiya na zaman makonni a keɓe domin ko ƙaramar cuta na iya kai shi lahira.

Duk da wannan wahala, a shekarun 1970 jikin kusan ɗaya cikin uku, a wasu cibiyoyin ma fiye da rabi, yakan kori sabon ɓargon. Storb ya bi diddigin abin a kan karnuka. Ya tarar cewa karen da aka taɓa ƙara wa jinin wanda zai ba shi ɓargo, jikinsa na haddace kamannin wannan jini, ranar dashe kuwa sai ya tarbe shi da yaƙi. A mutane ma haka aka gani: waɗanda aka yi wa dashe kafin a taɓa ƙara musu jini sun fi rayuwa nesa ba kusa ba. Tun daga lokacin ya zama doka a wannan fanni cewa duk wanda ake sa ran yi wa dashe, ba a ƙara masa jinin danginsa.

An yi ta neman mafita. Wasu cibiyoyin suka ƙara tururi a kan maganin, korar ɓargo ta ragu, amma bayan shekaru sai ga sankara, ga rashin haihuwa, ga yara sun tsumbure. Hanyar da ta yi nasara ta fito ne daga dabbobi, wato wani ruwan magani da ake kira ATG, wanda ake samu daga jinin doki ko zomo, yana kashe ƙwayoyin garkuwar da ke kai harin. A 1994 ayarin Siyatil ya nuna cewa haɗa shi da saikulofosfamid na ceton kusan tara cikin goma idan ɓargon na shaƙiƙi ne da ya dace. Mata da dama da aka yi wa irin wannan shiri sun haihu daga baya, kuma duk wanda ya san darajar haihuwa a ƙasarmu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga baya maganin fuludarabin ya ba da damar rage nauyin shirin ga manya.

Dacewar ma tana da lissafinta. Bayan Jean Dausset ya fara gano alamomin HLA a 1958, wato alamomin da ake gwada dacewar ɓargo da su, an gane cewa tsakanin waɗanda suke uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewa cikakkiya ɗaya ce cikin huɗu. Gidan da ke da 'yan ɗaki bakwai ko takwas, kamar yadda ake samu a yankin Gure, yana da arzikin da gidajen Turai ba su da shi. 'Yan uba ba sa cika dacewa, kodayake sabuwar dabarar Johns Hopkins, ta sake ba da saikulofosfamid kwana uku da huɗu bayan dashe, ta sa yanzu ana karɓar ɓargon uba, uwa ko ɗan'uwan da ya dace rabi. Ma'anar wannan ita ce kusan kowa a gidan na iya zama mai bayarwa, don haka jinin kowannensu abin adanawa ne.

Tunisiya da Aljeriya sun buɗe cibiyoyin dashe a 1998. Najeriya ta yi nata na farko a asibitin koyarwa na Benin a 2011, ga wani yaro mai amosanin jini, Legas kuma ta fara a 2024. Ɗan Gure da ke buƙatar dashe sai ya ƙetare iyaka, da kuɗin da ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Abin da ke hannun jama'a shi ne ma'ajiyar jini. Muddin babu 'yan sa-kai da ke ba da jini ga wanda ba su sani ba, likita ba shi da zaɓi sai jinin ɗan'uwa, domin ceton rai a yau ya fi gaggawa. Matasan Gure masu lafiya su riƙa zuwa suna bayarwa tun ba a kira su ba, iyaye kuma da aka ce ɗansu na da ƙafewar ɓargo su tambayi likita maganar dashe kafin a ɗaura ledar jini ta farko.