TAƘAITACCEN TARIHIN MIYANGO, GARIN HUTU A KAN DUTSE

Muna yi wa Ubangiji godiya da ya kawo mu wannan biki na cikar ikilisiyarmu shekara 50. A cikin wannan littafi kun karanta labarin yadda aka kafa majami'armu, da na fastoci da dattawan da suka yi hidima a cikinta. Mun ga ya dace mu ƙara da tarihin wani ƙaramin gari wanda yake nesa da mu, amma yana da hannu a cikin yadda bishara ta iso wurinmu. Garin nan shi ne Miyango, a Jihar Filato.

Miyango yana ƙasar Irigwe ne, cikin Ƙaramar Hukumar Bassa, kamar tafiyar sa'a guda a mota daga Jos. Tudun Jos ya kai wajen mita 1,200 bisa teku, sabili da haka iskarsa tana da sanyi. A watan Disamba da Janairu, lokacin hunturu, baƙo ba ya iya barci sai da bargo. Matafiyi zai ga manyan duwatsu an jera wani a kan wani kamar da hannu, da gonakin acca, da lambunan tumatir, kabeji da dankalin Turawa a bakin rafi. Mutanen Irigwe manoma ne, sun kuma yi suna wajen rawar gargajiya.

Domin mu gane dalilin da ya sa Miyango ya zama wurin hutu, sai mu koma shekara ta 1893. A ranar 4 ga Disamba ta wannan shekara samari uku suka sauka a Ikko, wato Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, da nufin kai bishara cikin ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran wannan yanki a lokacin. Kafin shekara ta 1894 ta ƙare, Gowans ya mutu a Girku, Kent kuma ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida da rashin lafiya. Ya sāke ƙoƙari a shekara ta 1900, zazzaɓi ya sāke mayar da shi. Sai a shekara ta 1902 ne mishan ɗin da aka sani da S.I.M. ya sami kafa tasharsa ta fari a Patigi, a bakin kogin Kwara.

Wannan ya koya wa shugabannin mishan darasi mai tsada. Himma ba ta hana zazzaɓin cizon sauro kama mutum, ba ta kuma hana zafin bazara cinye ƙarfinsa. Komawa Kanada ko Ingila kuwa tafiya ce ta makonni a jirgin ruwa, ga kuɗi mai yawa. Ana bukatar wuri a cikin ƙasar nan inda ma'aikaci zai je ya farfaɗo, sa'an nan ya koma bakin aikinsa. Haka aka kafa Gidan Hutu na Miyango a shekara ta 1914.

A wannan shekara ce kuma aka gama shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Jos da Bukuru. Ba domin masu bishara aka yi ta ba, domin ɗaukar kuza ne, gama haƙar kuza ita ce ta jawo Turawa da 'yan ƙwadago daga ko'ina zuwa kan dutsen. Duk da haka ta zama hanyar bayin Allah. Mai zuwa daga Kano sai ya sauka a Zariya, ya shiga ƙaramin jirgin, ya hau dutse a hankali har Jos, daga nan ya ƙarasa Miyango. A shekara ta 1927 babbar hanyar jirgi ta iso Jos daga Kafanchan, ƙaramar kuwa aka rufe ta a shekara ta 1957.

Zaman gidan hutun ba na ƙawa ba ne. Ƙananan ɗakuna ne, da ɗakin cin abinci inda kowa yake haɗuwa, da majami'a inda ake sujada. Wanda ya yi watanni shi kaɗai a ƙauye, a nan yake samun 'yan'uwan da zai yi addu'a da su, ya faɗa musu damuwarsa, ya ji yadda aiki yake tafiya a wasu wurare. Ya kamata kuma a tuna da mutanen Irigwe waɗanda suka karɓi baƙin a ƙasarsu, suka yi aikin gini, suka ɗebo ruwa, suka dafa abinci, suka yi wanki. Ba a rubuta sunayen yawancinsu ba, amma da guminsu ne wasu suka huta.

Akwai kuma zancen yara. Da fari iyaye da yawa sukan bar 'ya'yansu a Kanada, a wani gida da aka sa wa sunan Gowans, su yi shekaru ba su gan su ba. Jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka buɗe makarantar kwana a Miyango, aka sa mata suna Kent Academy domin tunawa da Thomas Kent. Ko da yake rabuwa da iyaye a ƙuruciya ba ta zama da sauƙi ga yaran ba, aƙalla suna ƙasa ɗaya, suna kuma ganin juna lokacin hutu. Wanda ya je Miyango kada ya dawo bai ziyarci maƙabartar da take kusa da majami'ar ba. Zai ga cewa da yawa daga cikin kaburburan na ƙananan yara ne da jarirai. Iyayensu sun binne su a nan, suka share hawaye, suka koma tashoshinsu.

A shekara ta 1954 ikilisiyoyin da suka fito daga aikin S.I.M. suka haɗu suka zama E.C.W.A., a shekara ta 1976 kuma mishan ya miƙa ragamar aikin ga ikilisiya. Sannu a hankali gidan hutun da makarantar suka koma hannun 'yan ƙasa. Fastoci, da zumuntar mata, da matasa, da sababbin ma'aurata suka riƙa zuwa taro da hutu a ɗakunan da dā Turawa ne suke kwana a ciki.

Amma ba za mu rufe tarihin nan ba tare da faɗin abin baƙin ciki ba. Tun rikicin Jos na watan Satumba 2001 zaman lafiya ya yi ƙaranci a Filato, ƙasar Irigwe kuwa ta sha wuya ƙwarai. A watan Oktoba 2017 an kashe mutane fiye da 20 da suka fake a ajin wata makarantar firamare a yankin. A shekara ta 2021 an ƙone gidaje da gonaki masu yawa a Jebbu Miyango, a watan Agusta na shekarar kuma aka kashe matafiya Musulmi fiye da 20 a hanyar Rukuba. A watan Afrilu 2025 an kashe mutane da dama cikin dare a ƙauyen Zike. Jinin kowane ɗaya daga cikinsu yana da daraja a gaban Allah. Mutanen da suka ba wasu wurin hutu, su ne suka rasa barci a gidajensu.

Sabili da haka muna sa abu biyu a gaban ikilisiya yayin da muke shiga shekara 50 ta biyu. Na fari, mu lura da ma'aikatanmu. A cikin Markus sura 6 Ubangiji da kansa ya janye almajiransa gefe domin su huta, a 1 Sarakuna sura 19 kuma Allah ya ba Iliya barci da abinci kafin ya sāke aikensa. Bari dattawa su sa hutun fasto da na masu bishara na ƙauye, tare da iyalinsu, cikin kasafin kowace shekara, da kuɗin mota da na masauki. Ranar Lahadi da kowa yake hutawa, su a bakin aiki suke. Na biyu, mu tuna da gwauraye da marayun ƙasar Irigwe cikin addu'a da baiko, mu kuma roƙi Allah ya ba hukuma ikon yin adalci ga kowane ɓangare.

Ubangiji wanda ya riƙe iyayenmu cikin bangaskiya, ya maido da salama a Miyango da dukan Filato, ya kuma ba bayinsa ƙarfin gama aikin da ya danƙa musu. Amin.