Ɗinkin Jijiyoyin Kafaɗa da Suka Yage: Tsakanin Lafawar Ciwo da Kamawar Jijiya

Tsakure

Maƙalar ta yi bitar wasu nazarce-nazarcen asibiti a kan ɗinkin jijiyoyi huɗu da ke riƙe kan ƙashin dantse a gurbinsa na allon kafaɗa. Ta nuna cewa shekarun majiyyaci da lafiyar tsoka sun fi salon tiyata tasiri wajen kamawar jijiya.

Gabatarwa

Tun 1911 Codman ya ba da rahoton ɗinke jijiyar sufrasfinatus, ɗaya daga cikin huɗun, a Boston ta Amurka, kuma har yau ita ce ta fi saurin yagewa. Matsalar tana da yawa. Yamamoto da abokan aikinsa (2010) sun duba kafaɗu 1,366 a wani ƙauyen Japan, suka tarar kashi 20.7 cikin ɗari sun yage, alhali da yawa daga masu su ba sa jin komai. Tambayar farko ke nan: wa ya kamata a yi wa aiki? Kuhn da abokansa (2013) sun bi majiyyata 452 waɗanda yagewarsu ba ta haɗari ba ce; kusan kashi uku cikin huɗu gashi da atisaye sun wadatar da su har shekara biyu.

Salon tiyata

Muhawara a nan ta yi sanyi. Gwajin da Carr ya jagoranta a Birtaniya (2017) a kan mutum 273 bai sami bambanci ba tsakanin buɗe kafaɗa da aiki ta ƙananan huduji da kyamara, bayan wata 24.

Kamawar jijiya

Nan ne gizo ke saƙar. Jijiyar da aka ɗinke ba ta komawa halittarta ta asali a inda ta manne da ƙashi. Tabo ne ke cike gurbin, shi kuwa bai kai ta ƙwari ba. Boileau (2005) a Faransa ya samu cewa kashi 71 na majiyyata 65 jijiyarsu ta kama, amma a waɗanda suka haura shekara 65 kashi 43 ne kawai. Galatz (2004) ta duba mutum 18 masu babbar yagewa, 17 ɗinkinsu ya sake buɗewa, duk da cewa ciwo ya lafa kuma suna ɗaga hannu bayan shekara guda. A ganina wannan sakamako ya cancanci likita ya tsaya a kansa, domin majiyyacin da ya ce “na ji sauƙi” gaskiya ya faɗa, sai dai maganarsa ba shaidar kamawa ba ce.

Akwai kuma kitse. Tsokar da jijiyarta ta daɗe a yage takan ƙanƙance, kitse ya ratsa ta. Goutallier (1994) ya kasa wannan zuwa matakai daga 0 zuwa 4, kuma ɗinki ba ya mayar da tsokar da ta riga ta lalace. Shan taba da ciwon suga suna ƙara dagula lamarin. Lalacewar tsokar ce ta sa jinkirin tiyata ke da tsada ga matashin da jijiyarsa ta tsinke a faɗuwa.

Gashi da atisaye

Tsarin da aka saba bayan tiyata shi ne a rataye hannu mako huɗu zuwa shida, mai gashi ne ke motsa shi. Daga nan majiyyaci ya fara ɗagawa da kansa. Ƙarfafa tsoka sai wajen mako na 12. Keener (2014) ya kwatanta fara motsi da wuri da jinkirta shi mako shida a mutum 124 'yan ƙasa da shekara 65 masu ƙarama ko matsakaiciyar yagewa, bai ga bambanci a kamawa ba. Ba a gwada masu babbar yagewa a ciki ba, don haka kuskure ne a ɗora musu wannan hukunci. Ga dattijo mai yagewar da ta wuce santimita uku, na fi karkata ga jinkiri, saboda sanƙarewar kafaɗa takan saki da atisaye cikin watanni, ɗinkin da ya ɓalle kuwa yakan bar jijiyar da ta fi ta farko wuyar gyara.