Harajin Kabon a Bakin Tafkin Kainji: Nazarin Abin da Cire Tallafin Mai Ya Nuna a Ngaski da Yauri

Tsakure

Maƙalar ta auna da'awar cewa ɗora haraji kan man fetur zai rage hayaƙin da ke ɗumama duniya a Najeriya. Ta ɗauki cire tallafin mai na 2023 a matsayin gwajin da aka riga aka yi, ta lissafa nauyinsa kan kowane tan na iskar kabon, ta kuma duba yadda ya sauka kan masu fito da manoman rani na gaɓar Tafkin Kainji. Ta gano cewa mazauna yankin sun riga sun ɗauki nauyin da ya wuce harajin ƙasar Suwidin, ba tare da an ba su abin da za su koma gare shi ba.

Gabatarwa

Dokar Sauyin Yanayi da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Nuwamba 2021 ta ɗora wa Majalisar Sauyin Yanayi ta Ƙasa aikin tsara harajin kabon tare da hukumar tara haraji ta tarayya. A wannan wata ne kuma ya yi alkawari a taron sauyin yanayi na Gilasgo cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060. Dokar Haraji ta 2025 ta zo da ƙarin kashi 5 cikin ɗari kan fetur da dizal, ta keɓe kananzir na gida da gas na girki, ta bar ranar farawa a hannun Ministan Kuɗi. Da cece-kuce ya tashi, Taiwo Oyedele, shugaban kwamitin da ya tsara dokar, ya bayyana cewa tanadin tsoho ne, daga dokar hukumar gyaran hanyoyin tarayya ta 2007 aka ɗauko shi.

Bitar Ra'ayoyi

Masu goyon baya sukan kafa hujja da Suwidin, wadda ta fara harajin a 1991, hayaƙinta ya ragu, tattalin arzikinta bai durƙushe ba. Abin da ba sa tsayawa a kai shi ne cewa magidancin can yana da lantarki da motocin haya na gwamnati da zai koma musu idan mai ya yi tsada. Sukan kuma tsallake Ostireliya da ta soke nata a 2014, da Faransa inda ƙarin harajin mai ya fito da masu riguna rawaya kan tituna a 2018. Afirka ta Kudu ta fara nata a 2019 kan rand 120 kowane tan, amma da rangwame mai yawa ga manyan masana'antu. Da masu goyon bayan ne wannan maƙala take jayayya.

Hanyar Bincike

An yi amfani da nassin dokokin biyu, da farashin lita a gidajen man NNPC, da ma'aunin da aka sani cewa lita ɗaya ta fetur tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon.

Sakamako da Tattaunawa

Kafin jawabin Shugaba Bola Tinubu na 29 ga Mayu 2023 da ya sanar da cire tallafin, lita tana ƙasa da naira 200. Zuwa Yuli ta kai naira 617 a Abuja. Idan aka raba ƙarin kusan naira 420 da kilo 2.3, za a samu sama da naira 180,000 kan kowane tan, wato fiye da dala 200 a canjin lokacin. Harajin Suwidin, wanda yake cikin mafi tsada a duniya, bai kai haka ba. A kan wannan ma'auni, kashi 5 na lita mai naira 900 naira 45 ne, kusan naira 20,000 kan tan. Tambayar ita ce: abin da ƙarin naira 420 bai sauya ba, ta yaya naira 45 za ta sauya shi?

Harajin kabon yana aiki ne idan mai saye yana da zaɓi. Mai jirgin inji da ke fito tsakanin Wara da ke Ngaski da ƙauyukan tsallake na ƙasar Borgu ba shi da shi. Faɗin tafkin ya fi ƙarfin filafili da kaya a ciki, don haka hanya biyu ce ta rage masa: ya ƙara kuɗin fito, ko ya ƙara lodi. Haɗarin jirgin da ya auku kusa da Wara a Mayu 2021, mai ɗauke da mutane sama da 150, ya riga cire tallafin, amma ya nuna inda lodin wuce ƙima yake kaiwa tun mai yana da arha. Manomin albasa ko shinkafar rani a Yauri da Shanga shi ma haka yake. Injin ban-ruwa ba ya jin rarrashi, ko ya sha mai ko a rage kadada. Mai bandar kifi kuwa da itace take aiki, kuma itace da gawayi ba sa cikin lissafin wannan haraji, alhali sare daji yana cikin manyan hanyoyin da Najeriya ke fitar da hayaƙi.

Akwai kuma batun wanda zai ci moriyar kuɗin. Asalin kashi 5 ɗin don gyaran tituna aka yi shi. Basarken da hanyarsa ruwa ce zai biya kuɗin kwaltar da jirginsa ba ya hawa. Gungawa da Kambari da Lopawa sun riga sun biya wani farashi tun 1968, lokacin da aka kammala madatsar Kainji mai ƙarfin megawat 760, aka tashi mutane kimanin 44,000 daga tsibirai da gaɓa. Wutar da ba ta da hayaƙi daga ruwan da ya ci gonakinsu take fitowa. A can Neja Delta kuwa, tarar ƙona gas da aka ƙayyade a 2018 dala 2 ce kan kowace ƙafa kubik dubu ta gas ga manyan kamfanoni, kuma har yau Najeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona shi.

Iyakoki

Za a iya cewa cire tallafi ba haraji ba ne, kuma faɗuwar naira tana cikin ƙarin farashin. Haka ne a takarda. A aljihun mai fito duk ɗaya ne. Farashin Abuja aka yi amfani da shi, na bakin tafki kuwa yakan ɗara shi.

Kammalawa

Ya kamata harajin kabon ya fara daga bututun ƙona gas da masana'antun siminti, inda hayaƙin yake a dunƙule kuma ana iya auna shi. Idan kuma dole a fara karɓar kashi 5, to a ware wa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa (HYPPADEC) kaso a rubuce don injinan ban-ruwa masu amfani da hasken rana da jiragen fito masu inganci, kuma kayan su isa Wara kafin mai karɓar harajin.